Gyambon da ke Ƙarƙashin Farin Zane

A wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wani tsoho manomi, dattijo a cikin ikilisiya. Matarsa ta riga shi tafiya wurin Ubangiji, 'ya'yansa mata kuma duk sun yi aure a nesa. Ɗansa namiji guda ɗaya yana aiki can kudu a bakin teku, tafiyar kwana biyu a mota, ba ya samun zuwa gida sai sau ɗaya a shekara. Matar ɗan nan, Lai'atu, ita ce take zaune da tsohon a gida.

Tsohon yana da wata al'ada tasa. Kowace shekara, ran Lahadin godiya ta kaka, shi ne yake fara shiga majami'a da damin dawa a ka, ya sauke a gaban bagade, sa'an nan sauran jama'a su biyo da masara da gyaɗa da kabewa da kaji. Ba wanda ya naɗa shi wannan aiki. Ya fara ne tun yana sabon ango, mutane suka saba, har ya zama in bai iso da wuri ba mawaƙa sai su yi ta maimaita baiti ɗaya suna leƙen ƙofa. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa fashi ba.

Sai wata shekara, da farkon damina, yana cikin shuka ya yanke jiki ya faɗi a gona. Aka kai shi asibiti, likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Bayan mako uku aka sallamo shi. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, bakinsa ya ɗan karkace, amma hankalinsa garau yake.

Ɗan ya zo ya yi kwana huɗu, dole ya koma bakin aiki. Kafin ya tafi ya je wurin wata ƙungiya ta gundumar ikilisiyoyinsu, masu aikin kula da marasa lafiya a gidajensu. Suka ba shi ma'aikaciya mai suna Tabita, mace mai natsuwa, uwar 'ya'ya huɗu, wadda ta sami horo sosai. Aka shirya za ta riƙa zuwa sau uku a mako, ta kuma nuna wa Lai'atu abin da za ta yi a sauran kwanakin.

Da ɗan ya shiga yin sallama, tsohon ya riƙe shi da hannun hagu. Da yake ɗan fari ne, ba ya kiran sunansa. Ya ce, "Yaron nan, abu ɗaya nake roƙon Ubangiji. In shiga majami'a ran godiya."

Ɗan ya ce, "Baba, za ku shiga. Zan zo muku da keken guragu, mu ɗora muku damin a cinya, ni da kaina zan tura ku."

Tun daga ranar tsohon ya riƙe wannan magana. Ya sa aka jawo gadonsa daidai ƙofa, inda zai iya hangen gonar bayan danga, wadda 'yan'uwa na ikilisiya suka yi gayya suka shuke masa. Ya ga dawar ta tsiro, ta kai gwiwa, ta kai kafaɗa. Kowace Lahadi in aka buga ƙararrawa sai ya yi tsit, ko an yi masa magana ba ya amsawa. Kewar majami'a ta fi ciwon damunsa. Yana kewar bencinsa na gaba mai ƙafa ɗaya gajera, yana kewar hayaniyar yara a baya, har dogon wa'azin da ya saba ƙorafi a kansa ma yana kewa.

To, ƙungiyar nan tana da ƙa'idodin aiki, an rubuta su a takarda an rataye a ƙusa wajen kan gado. A wanke hannu kafin a taɓa majiyyaci. Kada a ba shi abinci a kwance, sai an tada shi an jingina, don kada ya shaƙe. A ba da magani a kan lokaci, kada kuma a bar ruwa a daɓe. Akwai ɗaya da aka rubuta da jan alƙalami: a riƙa juya shi kowace awa biyu, a kuma buɗe a duba bayansa da ƙugunsa da dugadugansa kowace rana, gama jikin da ya daɗe a kwance wuri ɗaya yakan yi gyambo. A ƙarƙashin kowace ƙa'ida akwai gurbin da ma'aikaciya za ta rubuta abin da ta gani.

In dai hidima ce, ban ga wanda zai tsaya kusa da Lai'atu ba. Kafin rana ta fito kunun gyaɗa ya sauka. Tuwo mai laushi take yi masa, miya ba gishiri da yawa, kamar yadda likita ya ce. Maganinsa bai taɓa wuce lokaci ba. Zanen gadonsa kuwa fari fat, ta wanke ta sa bula ta goge. Matan zumunta in suka zo gaisuwa sai su fita suna cewa ɗakin nan ya fi asibiti tsabta, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Amma tsohon surukinta ne. Shekara tara da aurenta ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, a durƙushe take gaishe shi. Yaya za a yi yau ta ɗaga masa mayafi ta dubi ƙugunsa? Tabita ma ba ta fi ta ba. Shi ne ya koyar da ita a ajin baftisma, shi ne kuma ya tsaya mata a matsayin uba ranar aurenta.

Saboda haka in lokaci ya yi, sai Lai'atu ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Baba, lokacin juyi ya yi."

Shi kuwa sai ya ce, "Na juya ɗazu, 'yar nan. Je ki ci gaba da aikinki."

Mutumin da ɓarin jikinsa ya mutu, ina ya ga ƙarfin juya kansa? Ta san bai juya ba, shi ma ya san ta sani. Amma dukansu biyu sai su ji sanyi a rai, ta tashi ta koma madafa. In wanka ne, su ajiye masa ruwa da tsumma su fita, ya goge inda hannun hagu ya kai. In sauya zanen gado ne, ya ƙudundune da mayafi, su ja zanen idonsu na kallon azara.

Tabita takan zo ta auna jininsa, ta yanke masa farce, ta mommotsa masa hannu da ƙafa. In ta iso wurin jan rubutu sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba Malam, bayan fa?"

Ya ce, "Lafiya lau."

Sai ta rubuta lafiya. A ganinta ba ta yi ƙarya ba, tun da mai jikin ne ya faɗa da bakinsa.

Da yamma ɗan yakan bugo waya daga kudu. "Baba, yaya jikin?" Tsohon ya ce, "Da sauƙi, mun gode wa Allah. Dawa ta wuce danga." Sai ɗan ya ajiye waya hankalinsa a kwance, ya ci gaba da ƙirga kwanakin da suka rage masa ya ga gida.

Ashe a ƙasan bayan tsohon, daidai inda ƙashi yake danne katifa, fata ta yi ja. Daga ja ta yi baƙi, daga nan ta fashe. Da farko bai ji ba, don wurin ya mutu. Ran da ya ji danshi, ya laluba da hannun hagu, ya gane abin da ke nan. Ya shiga tunani. In ya faɗa, matan nan za su ga tsiraicinsa. Kuma lalle za a maida shi asibiti, wa ya san ranar fitowa, ga godiya tana matsowa. Sai ya ninke tsumman wankansa ya cusa a ƙarƙashinsa don kada zanen ya ɓaci. Kullum in an kawo ruwa ya ɗauraye shi ya mayar.

Bayan wasu kwanaki Lai'atu ta fara jin wani wari a ɗakin. Amma ta ce wa ranta ai warin kwanciya ne. Ta nemo turaren wuta mai kyau, tana sawa safe da yamma.

Ƙungiyar tana da wani mai zagayen duba aiki, Malam Hananiya, tsohon ma'aikacin jinya da ya yi ritaya. Yakan bi gidaje a kan babur ɗinsa bayan 'yan watanni, ya ga ko ana bin ƙa'ida. Baƙo ne a wannan ƙauye, ba ya kuma da kwana-kwana a magana. Saura mako uku a yi godiya, wata safiyar Talata, sai ga shi.

Ya gaisa da tsohon cikin ladabi. Ya sauko da takardar ya karanta, ya ga lafiya, lafiya, lafiya, tun daga sama har ƙasa. Ya shaƙi iskar ɗakin, ya ce, "Turaren nan ya yi yawa." Ya taɓa goshin tsohon ya ji zafi.

Ya ce, "Dattijo, zan duba bayanku."

Tsohon ya ce, "Lafiya lau ne, Malam."

Malam Hananiya ya ce, "Na ji. Amma takardar nan ba ta ce a tambaya ba, cewa ta yi a duba."

Ya wanke hannu, ya sa safar roba. Ya ɗauki mayafi biyu, ya rufe tsohon da ɗaya daga wuya zuwa tsakiyar baya, ɗayan kuma daga ƙugu zuwa ƙafa, har ba abin da zai bayyana sai daidai wurin da ake nema. Ya ce Tabita ta riƙe kafaɗa, suka juya shi a hankali. Da ya janye tsumman, sai ga rami a cikin nama wanda ƙwan kaza zai shige. Tabita ta toshe baki, hawaye suka zubo mata.

Da suka fita tsakar gida ya ce mata, "Malama Tabita, ban ga laifinki da kika ji kunyarsa ba. Ubanki ne. Amma me ya sa kika rubuta lafiya? Da kin rubuta cewa kin kasa dubawa, da washegari na turo namiji, ko in zo da kaina. Maza uku muke da su don irin wannan. Kin rufe mana ido da hannunki."

Da ya koma ciki, tsohon bai tambayi zurfin gyambon ba, bai tambayi magani ba. Ya ce, "Malam, zan iya zama a keke ran godiya?"

Malam Hananiya ya zauna a bakin gado ya ce, "Dattijo, ba zan ɓoye muku ba. Da an gan shi tun yana ja, juyi kawai ya isa, cikin 'yan kwanaki ya baje. Yanzu kuwa in kun zauna a kansa ko na rabin awa ne, zai kai ƙashi. Wata huɗu ko biyar sai dai kwanciya a gefe."

A ranar aka kai shi asibiti. Ya yi kwana goma sha biyu ana wanke gyambon, aka dawo da shi ya rame. Ɗan ya iso ran Juma'a da keken, sabo ful a cikin leda. Ya roƙa a bar su su ɗauki uban a kan gado zuwa majami'a, amma likita ya riga ya hana, don zazzaɓin bai gama sakinsa ba, hanyar kuma duk duwatsu ce. Aka jingine keken a bayan ƙofa.

Ran Lahadi da safe ɗan ya ɗaure damin fari, ya shigo da shi har ɗaki. Tsohon ya shafa kawunan dawar da hannun hagu, ya kai ɗaya hanci ya daɗe yana shaƙa. Sa'an nan ya ce, "Tafi, kada ka makara."

Aka kwantar da shi a gefe yana fuskantar ƙofa, Lai'atu ta zauna a ƙasa kusa da shi. Hanyar majami'a ta bayan dangarsu take bi. Ya ji gangar matan zumunta tana tahowa, ya ga kan daminsa yana wucewa ta saman danga, har ya ɓace. Can suka jiyo mawaƙa. Ya kasa kunne sosai. Sun rera baitin sau ɗaya suka wuce na gaba, gama ba wanda suke jira.

Tsohon ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "'Yar nan, da na buɗe baki."

Lai'atu ta ce, "Baba, ni ma na ji warin. Turare na sa."

Suka ci gaba da sauraron sujadar daga nesa. Sa'an nan shi da kansa ya ce, "Awa biyu ta cika. Zo ki juya ni, 'yata." Ta tashi ta wanke hannu, ta rufe shi yadda aka nuna mata, ta juya shi. Sauran sujadar fuskarsa na kallon bango ya saurare ta.

Gyambon ya warke da bazara. Tsohon ya hau keken ya je sujada sau uku. Amma da ruwan fari ya sauka Ubangiji ya kira shi, bai ga wata kakar ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Tsohon nan ni ne, kai ne, ke ce. Farin zanen shi ne abin da muke shimfiɗa wa mutane su gani: kayan Lahadi, zuwa sujada a kan lokaci, addu'a mai tsawo. Gyambon kuwa shi ne abin da ke cinmu a ɓoye. Wani gaba ce da ɗan'uwansa, shekara bakwai ba sa ga-maciji. Wani kwalba ce. Wata kuma baƙin ciki ne ya danne ta tun rasuwar ɗanta, har ta daina addu'a, amma tana cikin mawaƙa. Ku lura, tsohon ba mugu ba ne. Yana ƙaunar gidan Allah fiye da yawancinmu. Don kada ya rasa ranar godiya ya ɓoye ciwonsa, ɓoyon kuwa shi ne ya hana shi zuwa. Haka mu ma muke yi. Muna tsoron in muka furta za mu rasa mutunci, mu rasa bencinmu na gaba, sai mu yi shiru har abin ya raba mu da Ubangijin da muke marmari.

Malam Hananiya kuwa kwatancin Maganar Allah ne. Ita ba ta tsayawa a bakin ƙofa ta karɓi gaisuwa ta juya. Dubawa take yi. Amma kun ga yadda ya duba: sai da ya rufe tsohon sama da ƙasa, ya buɗe wurin ciwon kaɗai. Ubangijinmu ba ya buɗe mutum don ya tona masa asiri. Yana buɗewa ne don ya wanke.

Lai'atu ita ce mai ƙauna wanda zai yi maka kowace hidima in ban da mai wuyar. Zai kawo maka abinci, ya yi maka rakiya, ya yabe ka a gaban mutane, amma in ya ji warin abin da ke kashe ka sai ya nemo turare. Tabita kuwa mu ne, fastoci da dattawa da malaman makarantar Lahadi. An ba mu amanar dubawa. Sau nawa muka tambaya daga nesa, aka ba mu amsa mai daɗi, muka karɓa da sauri don mu ma ba mu so mu gani? Kunya ba zunubi ba ce, ado ce, iyayenmu sun yi daidai da suka koya mana ita. Laifin shi ne ka ce lafiya a inda ba ka duba ba. In ka kasa, ka ce ka kasa, a nemo wanda zai iya.

Kada kuma wani ya tafi gida ya ce wannan duk maganar ruhu ce. A'a. Akwai gidaje a cikinmu da ke da tsoho ko tsohuwa a kwance yanzu haka. In ma'aikatan lafiya suka ba ku ƙa'ida, ku bi ta duka, har wadda ta fi nauyi. Ku riƙa juya su. Ku duba bayansu kowace rana da idonku. In suruki ne, a nemo namiji. In suruka ce, a nemo mace. In kun ɗauki mai kula, ku tambaye ta abin da ta gani, ba abin da aka gaya mata ba. Ku da kuke nesa kuna bugo waya, ku sani iyayenmu ba za su taɓa ce muku jiki ya yi tsanani ba, ko suna bakin mutuwa ne. Ku sa wani ya shiga ya gano muku. Ƙa'idodin nan ba rashin yarda ba ne, ƙauna ce aka rubuta don ranar da kunya ko gajiya za ta fi ƙarfinmu.

Dukanmu akwai wata babbar kaka da muke jira, ranar da za a tara mu a gidan Ubanmu. Ni ina marmarinta ƙwarai, musamman yanzu da waɗanda na sani a can sun kusa fin waɗanda na sani a nan yawa. Ba na so in ji waƙar ranar daga bayan danga, ba na kuma so ko ɗayanku ya ji ta daga can.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma misalin nan ya kama ni. Akwai wani ɗan'uwa da ya daina zuwa sujada. Shekara guda ke nan ina gaishe shi daga bakin zaure, ko daga keke ba na sauka, yana amsawa da fara'a, ina wucewa. Na san akwai abin da ke damunsa, na daɗe da sani. Gobe Litinin, in Ubangiji ya kai mu, zan jingine keken in shiga in zauna. Ku yi mini addu'a, gama har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.